Wa Ya Koro Ka?

Na fi shi gudu. Bari in fara da wannan, don kada a yi nisa a ce ban faɗa ba. Tun muna yara har gemu ya fara fito mana, taubashina bai taɓa riga ni isa gindin tsamiyar bakin gari ba, ko da sau ɗaya. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, kuma shi ne ɗanta na fari. Wata uku kacal na ba shi. Tsakaninmu akwai wasan nan na taubasai, in ce masa bawana, ya ce mini bawansa, mu yi wa juna tsiya son ranmu, ba mai riƙewa.

Ƙauyenmu yana can wajen Tsamaye, ƙasar Sabon Birni. Daga bakin gulbi zuwa tsamiyar nan akwai 'yar tafiya. Hanyar ƙafa ce da ta ratsa fadama, ta haura wani tudu mai rairayi, ta bi ta tsakanin gonakin gero, ta tsallake wani kwazazzabo da ruwa ya ci, sannan ta faɗo gari. In mun kai awaki shan ruwa, sai wani ya ja layi a ƙasa da dunduniya, a ƙirga uku, a kwasa. Ni nakan iso, in zauna a kan saiwa, in huce, har in tsinci tsamiya in jefa a baki, sannan ya ɓullo yana haki, ya riƙe kwiɓi. In ce masa, “Sannu da zuwa, bawana. Kasuwa ka tsaya?” Ya ce ƙaya ce ta soke shi. Kullum ƙaya. Har yau ban san wace irin ƙaya ce wannan da ba ta san ƙafar kowa ba sai tasa. Ni kuwa har garin Isa aka kai ni gasar 'yan makaranta, na ciyo bokitin roba da sabulu. A gidan Gwaggo bokitin ya ƙare, wajen wanki.

Da muka girma kowa ya kama gabansa. Na yi karatun malanta, na dawo ina koyarwa a firamaren garinmu, da damina kuma ina noma gero da dawa a gonar gado. Shi ya shiga fatauci, ya kai barkono Maraɗi, ya dawo da dabino. Wata rana ya tafi bai dawo ba. Aka ce yana Agadas, aka ce ya wuce Aljeriya, daga nan sai shiru, shiru mai tsawo, har Gwaggo ta rame. Ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba, don uwa a wurinmu ba ta zancen ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. Sai a shekara ta huɗu muryarsa ta faɗo a waya. Yana Italiya, can kudu a bakin teku, yana aiki a gonar lemo.

Wallahi na yi murna. Ya sa aka yi wa Gwaggo rufin kwano, ban ji komai ba. Ya aiko hotonsa cikin rigar sanyi, ya yi haske ya yi kumatu, ban ji komai ba. Ni ba na sa ido a kan abin hannun mutum. Gudun nan ne ya tsaya mini a wuya.

Ga yadda abin ya fara. Gonar da yake aiki a jikin dutse take, ba mota mai hawa, a ka ake sauko da lemo. Mai gonar, wani dattijon Bature, ya ga yadda yake hawa da sauka da kwando a ka ba ya ko tsayawa shan iska, sai ya ce ya biyo su ranar Lahadi. Ashe su can suna da wata al'ada: manyan mutane da iyalansu, wasu da furfura, su taru su sa gajeren wando su yi ta gudu a hanyoyin ƙafa cikin duwatsu, ba abin da suka biyo, ba abin da ya biyo su. Har gasa ake yi, a manna wa kowa lamba a ƙirji. Taubashina, mai ƙaya, ya shiga. Ya fara aiko bidiyo a guruf ɗin 'yan garinmu.

Sabis ɗin waya a wurinmu sai an hau tudun bayan makaranta, inda layin Nijar yake ɗan leƙowa. A can na tsaya da la'asar, na ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji, har bidiyon farko ya sauka. Wani ne a bayansa yake ɗauka, hoton yana tsalle. Kwari ne mai zurfi tsakanin duwatsu biyu, bakinsa ya buɗe a kan Bahar Rum. An sassare jikin dutsen hawa-hawa, an shuka lemon tsami da zaitun. Hanyar siririya ce, wani wuri matakalar dutse, wani wuri tsakuwa, ta bi gefen wani ɗan rafi, ta shige ƙarƙashin rumfunan lemo, 'ya'yan suna reto har suna taɓa kan mutum. In an sha kwana sai tekun ya bayyana can ƙasa, shuɗi kamar an zuba bula, da fararen gidaje a bakinsa. Ga taubashina a gaba, yana tsallake matakala biyu-biyu, Turawa suna haki a bayansa.

Sau nawa na kalla ban sani ba. Ba kyan wurin nake kallo ba, ƙafarsa nake kallo, ina neman aibu. Na kuwa samu: har yanzu yana jefa ƙafar hagu waje, kamar da. Sai kuma na samu wani abin tsiyar. A wani wuri hanyar ta bi ta ƙofar wani gida, ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya zaune a kujera, da kwano a cinya tana ɓarar wake. Ƙatti kusan ashirin suka wuce ta a guje, ko kai ba ta ɗaga ba. Nan da nan na danna na aika masa da murya: “Bawana, wane irin gudu ne wannan da ko tsohuwa ba ta ɗaga kai ta dube ka ba? Mu lokacinmu in muna tsere, har mata leƙowa suke ta kan danga.” Ya maido da dariya kawai.

Mutanen gari ba su nemi aibu ba. A teburin mai shayi, inda muke zama bayan sallar asuba, ba a da wani zance sai nasa. Ranar da ya zo na uku aka rataya masa wani abu a wuya, waya ta zagaya hannu-hannu har shayi ya huce. Wani mai kanti ya ce, “Wanga yaro, Gobir dut ba ta taɓa fidda mai gudu kamar shi ba.”

Na ajiye kofi. Na ce, “Kai, ji tsoron Allah. Wanga da kake gani, bai taɓa riga ni zuwa tsamiya ba.”

Suka dube ni, suka dubi tumbina, aka kwashe da dariya. Mai kantin ya ce, “Malam, kai? Ko dai tsere zuwa akushi?” Na duba ko akwai wanda zai shaide ni. Waɗanda muka yi tseren da su, wasu suna Sakkwato, wasu sun yi kudu, wasu ƙasa ta rufe su. Saura matasa ne da suka taso suka gan ni da alli a hannu da babbar riga. Ana cikin haka sai ga Gwaggo za ta wuce da ƙwarya a ka. Na tare ta a gaban kowa, na ce, “Gwaggo, don Allah ki faɗa musu. Tsakanina da shi wa ya fi gudu?” Ta kau da ido, ta ce, “Ni ina ruwana da gudunku,” ta wuce abinta. Na san ba za ta yi zancen ɗan fari a bainar jama'a ba, ni na yi wauta da na tambaya. Amma a wurin 'yan shayi, shari'a ta ƙare ke nan.

Hassada ce ta kama ni, ba za ni sa mata wani suna ba. Abu ɗaya tak nake da shi a duniya da na fi kowa, ga shi an ɗauke an ba wanda nake jira a gindin tsamiya. In na ga saƙonsa ya shigo, sai in kife wayar. In ce ba za ni buɗe ba, in kuma buɗe. Har addu'a na kama kaina ina yi, ba ta sharri ba dai, amma cewa nake, ya Allah, ko na goma ya zo wannan karon. Ranar da ya aiko ya ce ya gurɗe a ƙafa zai huta mako biyu, na rubuta masa Allah ya sawwaƙe, na kuma ci tuwo malmala uku. Matata ta dube ni ta ce, “Malam, yau albishir aka yi maka?”

Labarin teburin shayi ya kai masa, don ba abin da ba ya kai masa. Da damina ta kankama, wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Maraɗi ya kawo mini ƙunshi, ya ce hannu-hannu aka biyo da shi. Na kwance. Takalman gudu ne, ruwan lemo, launi mai kashe ido, ƙasansu da haƙora don riƙe dutse, ba nauyi ko kaɗan. Daidai ƙafata, don ɗan banzan bai manta ba. Da na hau tudu sai ga muryarsa: “Bawana, na ji an ce kana cika baki. To ga takalma nan, kada ka ce ƙaya. Daga gulbi zuwa tsamiya, ni yanzu minti goma cif take ci mini. Sa agogon wayarka, ka aiko min naka. In ka kasa, za ni yahe maka, tsuhwa ba laihi ba ne.”

Na tura takalman ƙarƙashin gado, na ce ni ba yaro ba ne. Kwana uku suna can. A na huɗu, da matata ta fita, na sa su na yi tsalle biyu a tsakar ɗaki. Kai! Sai ka ce ƙasa ce take tura ka sama. Ta dawo ta same ni a tsaye da su, ta riƙe haɓa, ta ce, “Ina za ka da waɗanga?” Na ce ba ko'ina.

Yanzu sai in faɗi abin da kowa ya sani a ƙasarmu, ni ma na san shi kamar sunana. Tun da mutanen daji suka addabe mu, 'yan bindiga nake nufi, haka muke kiransu, mun koyi wani abu da ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. In kana gona ka hango babban mutum yana gudu, ba ka tambaya. Ka yar da hauya ka bi bayansa, in an tsira a yi tambayar. Da yawa wannan ne ya fisshe su. Ko yara an hana su tsere a bayan gari. Ni da bakina na sha hana su a makaranta.

Amma duk wannan bai zo mini a rai ba. Kunya kawai na tsaya lissafi, kada a ga malami da furfura a gemu yana zabga gudu kamar wanda ya zare. Shi ya sa na zaɓi sassafe, na ce kafin mutane su fito. Na manta lokacin maimai ne, noma na biyu, kuma yanzu kowa sammako yake yi don ya gama ya koma gida da wuri, ba mai son daɗewa a daji. Gero ya kai ƙirji, in mutum ya duƙa ba ka ganinsa.

Ana sallame asuba na zame, takalma cikin leda. Na isa bakin gulbi gari ya waye sarai. Na tuɓe riga na naɗe ta a kafaɗa, daga ni sai singileti da wando. Na ɗaure takalma. Na ja layi da dunduniya kamar da, na ƙirga uku ni kaɗai, na danna agogo.

Ba za ni ɓoye ba, farkon gudun nan daɗi ne da na daɗe ban ji irinsa ba. Fadama da raɓa, ƙasa da taushi, iska tana shiga ƙirji da sanyi. Gwiwoyi suka ɗan yi ƙara, suka saki. Ƙafata ta tuna kowane kwana na hanyar ba tare da na gaya mata ba. Na haura tudun rairayi ina haki amma ina dariya, ina cewa a raina, zo ka gani, mai ƙaya, zo ka gani. Na faɗa tsakanin gonaki.

Sai na ga kai ya ɗago daga cikin gero a dama. Wani ya ɗago a hagu. Na ji hauya ta faɗi. Can sai na ji sawu a bayana, dif-dif-dif, mutum biyu, uku. Kun san me na zata? Na zata tsokana ce, samari ne suka gan ni suke so su gwada ni. Na ce, af, haka ne? Na ƙara wuta. Su ma suka ƙara. Wani mai jaki ya diro ya bar jakin a tsaye ya shiga ayari. Daga nan wata murya ta tsaga daga can cikin gona: “Sun zo! Ga su nan!” Wata ta karɓa daga gaba, wata ta ƙara karɓa.

Na ce inna lillahi, yau na fito a ranar da ba ta dace ba, mutanen daji sun biyo gulbi. Ko kusa ban kawo cewa ni ne ba. Na waiga, na ga mutane suna fitowa daga gero ta ko'ina, maza da mata, wasu da yara a kafaɗa, fuskokinsu ba kyan gani. Na tuna matata da 'ya'yana. Gudun da na yi daga nan ban taɓa yin irinsa ba ko ina ɗan shekara sha biyar. Na tsallake kwazazzabo da tsalle ɗaya. Na isa tsamiya na dafa ta, kuma ko a cikin wannan tashin hankali sai da babban yatsana ya danna agogo. Kun dai ji irin mutumin da nake.

Gari ya hautsine. Ihu ya riga ni isowa. Mata suna fita ta ɗaya gefen garin da goyo, an bar tukwane a kan wuta, awaki sun ɓalle. 'Yan sa-kai, masu tsaron gari, sun taru a gindin tsamiya da bindigoginsu na gargajiya. Shugabansu ya cafke ni a kafaɗa.

Ya ce, “Malam, su nawa ne? Ta ina sunka biyo?”

Na ce, “Ban gan su ba. Ku tambayi na baya.”

Na bayan suka iso suna zubewa. Aka tambaye su, kowa ya nuna ni. Wani ya ce, “Malam munka gani ya taho daga gulbi a guje, ba ko riga.” Shugaban ya juyo, ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan takalman nan masu ruwan lemo. Wurin ya yi tsit. A wannan shirun ne na gane. Na dubi wayar da ke hannuna don in samu inda za ni ajiye idona. Minti tara da 'yan daƙiƙu. Na ci taubashina.

Aka aika masu babura su maido waɗanda suka yi daji. Aka shiga ƙirga mutane gida-gida. Sai aka ce ba a ga Gwaggo ba, ta fita da sassafe tsinkar tafasa. Wata mata ta ce ta gan ta wajen kwazazzabo. Na koma da baya, wannan karon da sauri amma a tafe.

A ƙasan kwazazzabon na same ta, a kishingiɗe cikin laka, ƙwaryarta ta kife, ganyen ya watse. Ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ta so ta tsallake ne kamar yadda ta ga ana yi. Daga baya na ji cewa wasu sun tsaya za su ɗauke ta, ta ce su tafi su tsira da yara, ita ta ci zamaninta. Tana nan kwance tana salati, tana jiran waɗanda ba su zo ba.

Na sauka na ce, “Gwaggo, ni ne. Ba kowa. Ba su zo ba.”

Na goya ta. Ba ta da nauyi, abin ya ba ni tsoro. Mun ɗan yi tafiya, tana cije leɓe, sai na ji bakinta a kusa da kunnena.

Ta ce, “Na gan ka ka wuce. Wa yak koro ka?”

Na ce, “Ba kowa, Gwaggo.”

Na jira zagi, na jira kuka, wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Can kuma ta leƙo ta kafaɗata, ta ce, “Waɗanga takalma fa?” Na ce shi ya aiko. A haka muka shiga gari.

Aka ɗauko maɗori daga Unguwar Lalle a babur. Ƙashin ƙwauri ne ya karye. Ina tsaye a zaure ina jin ƙararta lokacin da ake ja. Maigari ya aiko aka kira ni. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, “Malam, da karatunka?” Na ce, “Ranka shi daɗe, na yi kuskure.” Na bi gida-gida ina ba da haƙuri, wanda aka tattake masa gero, wadda tuwonta ya ƙone, wanda yaronsa ya kwana biyu yana firgita. Ba wanda ya ƙara yi mini dariya a teburin shayi. Da dariyar ce ma da ta fi.

Kwana biyu ban hau tudu ba. Da na hau, saƙonsa yana jira, bai san komai ba: “Bawana, shiru kake? Minti nawa? Ko an kwashe ka a amalanke?” Na kira shi. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ina jin iska da kukan wasu tsuntsaye daga can wajensa. Da ya yi magana bai ce bawana ba, sunana ya kira.

Ya ce, “Wallahi na manta. Na manta haka garin yake. Da na tuna da ban aiko ba.”

Ya nemi gafara, ni da ya kamata in nema. Ya tambayi jikin tsohuwa, har lokacin bai iya cewa uwata ba. Bai tambayi minti nawa ba, ni ma ban faɗa ba, har yau bai sani ba. Na sauko daga tudun ina juya kalmar nan, na manta. Shi ya samu inda mutum zai zauna har ya manta. Ni mantuwar safiya ɗaya na yi, ga abin da ta jawo. Na ɗauka in na ci shi hassadar za ta sake ni. Ba ta sake ni ba, wuri kawai ta sauya, ta koma inda ba tseren da zai kai ni.

Gwaggo ta yi wata uku a kwance. Ta tashi da sanda, da ita take tafiya har yanzu, ba ta ƙara zuwa tsinkar ganye ba. Kullum da la'asar nakan leƙa ta. Wata rana na same ta ita kaɗai a ɗaki, ƙafar a miƙe a kan tabarma. Ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, “Abin nan da yaka aikowa cikin waya. Nuna min in gani.”

Ashe duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa kallo ba. Na zauna kusa da ita na kunna mata na farkon. Ta kawo fuska dab da waya. Ga duwatsu, ga lemo, ga teku, ga ɗanta yana tsallake matakala. Bakinta yana ɗan motsi. Da aka zo ƙofar gidan nan, ta ɗora yatsa a kan gilashi.

Ta ce, “Tsaya. Wagga tsohuwa kurma ta?”

Na ce, “A'a, Gwaggo, ba na jin kurma ce.”

“Makauniya?”

“Ga shi tana ɓarar wake.”

“Maza na gudu haka, tana zamne?”

Na ce, “Can haka suke. Ta san ba abin da ya koro su.”

Ta daɗe tana kallon matar. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Ka hi shi gudu. Tun kuna ƙanana ka hi shi, kowa ya sani. Da cikin ɗaki kat tambaye ni, da na hwaɗa maka.”

Maganar da na karya mata ƙafa a kanta ke nan, ta ba ni ita a ɗaki, ba kowa. Na rasa abin da za ni yi da ita. Na ce na gode. Bidiyon ya ci gaba, ɗanta ya sha kwana, teku ya bayyana. Ta taɓa hannuna.

Ta ce, “A'a, maido baya. Maido min wurin tsohuwar nan.”

Na maido. Muka zauna mu biyu muna kallonta tana ɓarar wake.